Ciwon Sukari da Ƙananan Hanyoyin Jini na Fata: Tambayoyi da Amsoshi

An tanadi wannan bayani ne domin masu fama da ciwon sukari da iyalansu a nan Jos da kewaye. Da yawa sun ji cewa cutar tana taɓa ido, tana taɓa ƙoda, amma kaɗan ne suka san cewa irin ɓarnar da take yi a waɗannan gaɓoɓi ita ce dai take yi a fata, kuma fata ce wurin da mutum zai iya ganin alamar ɓarnar da idonsa, ba tare da wata na'ura ba.

Tambaya: Waɗanne ne ƙananan hanyoyin jini, kuma mene ne aikinsu a fata?

Amsa: Idan zuciya ta harba jini, yakan bi manyan jijiyoyi, su kuma su yi ta rarrabuwa suna sirancewa, har su kai ga wasu 'yan hanyoyi da ido ba ya iya gani, waɗanda faɗinsu bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Saboda tsananin ƙanƙantarsu, jajayen ƙwayoyin jini sai sun jeru ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. A nan ne ake miƙa wa tsoka da fata iskar oksijin da abinci, a kuma kwashe dattin da suka fitar. Saman fatar da muke taɓawa ba shi da hanyar jini ko ɗaya, ya dogara ne kacokan ga waɗanda ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa.

Duk wanda ya san aikin lambu a fadamun Jos zai gane wannan cikin sauƙi, domin ko da babban kwalbati cike yake da ruwa, shuka ba za ta amfana ba sai ƙananan magudanan da ke shiga kowane fangali suna aiki. Ban da ciyar da fata, waɗannan hanyoyi su ne suke buɗewa idan jiki ya ɗauki zafi domin ya huce, su tsuke idan ana sanyi, kuma su ne suke kawo ƙwayoyin yaƙi da cuta da kayan gyara a duk inda aka ji rauni.

Tambaya: Ta yaya sukari yake lalata su?

Amsa: Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bangon hanyoyin jini ba sa iya hana sukari shiga cikinsu idan ya yi yawa a jini, don haka su ne farkon waɗanda suke shan wahala. Idan aka ɗauki shekaru sukari yana sama, abubuwa da dama ne suke faruwa tare. Sukarin yakan manne wa sinadaran gina jiki, musamman kolajin wanda shi ne ƙarfin fata da na bangon jijiya, sai su daskare su rasa laushinsu. Siririn labulen da ke kewaye da kowace ƙaramar hanya yakan yi kauri, amma kaurin ba ƙarfi ba ne, domin bangon yakan koma yana yoyo, ruwa da sinadaran jini suna tsiyaya zuwa inda bai kamata ba. Haka kuma jijiyar takan rage samar da sinadarin naitirik oksaid, wanda shi ne yake umartarta ta buɗe idan ana buƙatar ƙarin jini.

Wannan na ƙarshe shi ne, a ganina, ya fi muhimmanci mai ciwon sukari ya fahimta. Ba lalle ne hanyar ta toshe ɗungurungum ba. Tana iya wucewa da jinin da zai isa fata a zaman lafiya, amma ranar da ƙaya ta soki ƙafa ko takalmi ya goge diddige, lokacin da lafiyayyar fata za ta ninka jinin da take samu sau da yawa domin gyara, tata ba za ta iya buɗewa yadda ake buƙata ba. Hawan jini, yawan kitse a jini da shan taba suna ƙara wa wannan ɓarna sauri.

Tambaya: Bana aka gano ina da sukari, amma likita ya ce alamun sun riga sun bayyana a ƙafata. Yaya haka?

Amsa: Nau'i na biyu na ciwon sukari, wanda shi ne na mafi yawan manya, yakan zauna a jiki shekaru kafin ya sa mutum ƙishirwa da yawan fitsari da rama har ya je asibiti. Ranar da aka gano cutar daban take da ranar da ta fara. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da cutar a duniya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Shi ya sa ake son duk wanda aka tabbatar masa da nau'i na biyu a duba idonsa da fitsarinsa da ƙafarsa tun a wannan lokacin, ba tare da jiran wata alama ba.

Tambaya: Mahaifina yana da wasu baƙaƙen tabbai a ƙwaurinsa, ya ce bugewa ya yi amma bai tuna lokacin ba. Suna da alaƙa da sukari?

Amsa: Suna iya kasancewa abin da ake kira tabon ƙwauri na masu sukari, kuma yana cikin alamun fata da aka fi gani a wannan cuta, musamman ga maza da suka haura shekara 50 ko waɗanda suka daɗe da ita. Ku zaunar da Baba a inda ke da haske, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ku duba gaban ƙwaurin inda fata take kwance a kan ƙashi. Tabon zagayayye ne ko mai ɗan tsawo, yawanci bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, ya fi sauran fata duhu, idan kuma kun shafa shi da yatsa za ku ji ya ɗan loɓa, fatar wurin ta yi siriri da santsi. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, kuma sau da yawa yana ƙafafu biyun, ko da yake ba a wuri ɗaya daidai ba. Duhun nasa yana da nasaba da ɗan jinin da ya tsiyaya daga raunanan hanyoyi ya bar launinsa a fata, kuma ƙaramar bugewar da wani ba zai ko lura da ita ba ta isa ta haifar da shi.

Tabon kansa ba shi da haɗari, ba ya zama gyambo, wasu ma sukan dusashe bayan shekara ɗaya ko biyu yayin da sababbi suke fitowa. Abin da ya sa ba a raina shi ba shi ne, an fi samun lalacewar ido da ta ƙoda da ta jijiyoyin ji (masu kai saƙon zafi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa) ga waɗanda suke da shi. Saboda haka abin da Baba yake buƙata ba man shafawa ba ne. Yana buƙatar a duba can cikin idonsa bayan an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, a kuma gwada fitsarinsa a ga ko ƙoda ta fara zubar da sinadarin albumin. Ba kowane tabon ƙwauri ne na sukari ba, domin manomi da mai ɗaukar kaya da wanda salansar babur ta taɓa ƙonawa duk suna da nasu, don haka likita ne zai tantance.

Tambaya: Akwai wasu alamun ban da wannan tabo?

Amsa: Akwai, sai dai ba su kai shi yawa ba. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira nekrobiyosis, wanda bai kai mutum 1 cikin 100 na masu sukari ke samu ba, kuma ya fi kama mata. Shi ma a ƙwauri ya fi fitowa, yakan fara kamar ƙaramin ƙurji, ya yi ta faɗaɗa a hankali, gefensa ya ɗan tasa, tsakiyarsa ta yi siriri tana sheƙi. Wannan ya bambanta da tabon farko domin wajen kashi ɗaya cikin uku yakan fashe ya zama miki mai wuyar warkewa, don haka yana buƙatar likitan fata.

Na biyu shi ne bororo da ke fitowa farat ɗaya a yatsu ko tafin ƙafa ko hannu, kamar na ƙuna alhali ba a ƙone ba, kuma babu zafi. Yakan warke da kansa cikin 'yan makonni idan an rufe shi da tsaftatacciyar bandeji, amma kada a fasa shi da allura ko reza. Na uku shi ne kaurin fatar bayan hannu da ƙagewar yatsu. Mutum zai iya gwada wannan a gida: ya haɗa tafukan hannunsa biyu, yatsa a kan yatsa, ya matse. Idan rata ta rage tsakanin yatsun ta ƙi rufewa, ya nuna wa likita.

Littattafan likitanci suna yawan ambaton jan fuska da jan gindin farce, amma a baƙar fata ja ba ya bayyana sosai. Mu a nan abin lura shi ne wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya kumbura, ko ya fi ɗan uwansa na ɗaya ƙafar zafi ko sanyi idan an taɓa da bayan hannu.

Tambaya: Me ya sa ƙafata take bushewa tana faso ko da ba lokacin hunturu ba?

Amsa: Jijiyoyin ji, wato waɗanda ke kai saƙon zafi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, su ma da ƙananan hanyoyin jini suke rayuwa, kuma sukari yana cutar da su kai tsaye. Ban da su, akwai wasu jijiyoyi irinsu masu umartar fata ta yi gumi. Idan suka raunana, ƙafa takan daina gumi, ta bushe, kaushi ya taru, diddige ya tsage, kuma kowace tsaga ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne irin wannan ƙafar takan kasance da ɗumi, jijiyoyinta sun fito raɗau, sai a ɗauka jini yana isa sosai, alhali wani ɓangare na jinin yana bin gajeriyar hanya ne ya koma ba tare da ya ratsa ƙananan hanyoyin da ke ciyar da fatar ba.

Tambaya: Shin lalacewar ƙananan hanyoyin ce kaɗai take hana miki warkewa?

Amsa: A'a, kuma sanin haka yana iya ceton ƙafa. Gyambon ƙafar mai sukari yawanci haɗuwar abubuwa ne. Rashin ji yakan sa mutum ya yini yana taka tsakuwa ko ƙusa a cikin takalmi bai sani ba, ya kuma ci gaba da tafiya a kan mikin domin ba ya masa ciwo. Sukari mai yawa yana rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Ƙananan hanyoyin ba sa buɗewa yadda ya kamata. Sannan ga wasu, manyan jijiyoyin da ke sauko da jini daga cinya zuwa ƙafa su ma sun ƙuntace da kitse. Wannan na manyan jijiyoyi ana iya gano shi ta hanyar taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, ko ta na'urar sauraren gudun jini, kuma akwai aikin da ake yi domin buɗe su. Kuskure ne a ce wa mutum ƙananan jijiyoyinsa sun mutu babu abin yi, ba tare da an duba manyan ba. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu sukari daga ƙaramin miki yake farawa, kuma a wannan matakin ne magani ya fi sauƙi da araha.

Tambaya: Sanyin Jos yana da wani tasiri?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyi da busasshiyar iska sukan haɗu. Sanyi yana tsuke hanyoyin jinin fata, iskar hunturu tana ƙara faso, amma babban haɗarin yana cikin yadda muke neman ɗumi. Da dare ya yi akan kawo kaskon gawayi tsakiyar ɗaki, tsoho ya miƙa ƙafafunsa kusa da shi ana hira, yara su ja da baya domin zafin ya ishe su, shi kuwa ya ƙara matsawa domin har yanzu yana jin ƙafarsa da sanyi. Sai da safe a ga bororo a tafin ƙafa da yatsu. Haka yake faruwa da ruwan wanka mai zafi da kuma kwalbar ruwan zafi da ake sawa cikin bargo. Mai sukari ya gwada ruwa da gwiwar hannu ko ya sa wani ya gwada masa, ya ɗumama ƙafarsa da safa mai kauri wadda bakinta ba ya matse ƙwauri, ya nisanta ta da wuta. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana da nasa haɗarin na hayaƙi mai kisa ga kowa da kowa, ba mai sukari kaɗai ba.

Tambaya: Dangi sun ce gyambon Hajiya jifa ne, ko wani abu ta taka. Za mu iya haɗa maganin gida da na asibiti?

Amsa: Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato, domin miki ne da ya fito babu sanadin da aka gani, ba ya ciwo, ya kuma ƙi jin magani. Amma duk waɗannan siffofi uku bayanansu yana sama: ba a ga sanadi ba saboda ƙafar ba ta ji, ba ya ciwo saboda dalili guda, ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma babu mai hana ku ita. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a tsaga wurin, kada a yi ƙaho a ƙafar, kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a barbaɗa garin magani ko toka ko ƙwayar kafso a cikin mikin. Kowace tsaga sabon rauni ce a fatar da ta kasa warkar da na farko. Makonnin da ake ɓatawa ana gwada wannan da wancan su ne suke ba ƙwayoyin cuta damar isa ƙashi.

Tambaya: Idan na gyara sukarina yanzu, ɓarnar za ta koma?

Amsa: Abin da ya riga ya lalace sosai ba ya komawa yadda yake, amma ana iya hana sabuwar ɓarna da rage saurin wadda ta fara, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kan haka. A wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, waɗanda aka tsaurara wa kula da sukari sun samu raguwar haɗarin fara ciwon ido da kashi 76 cikin 100, na jijiyoyin ji kuma da kusan kashi 60 cikin 100. A 1998 wani binciken na Birtaniya a kan dubban masu nau'i na biyu ya nuna raguwar cututtukan ƙananan hanyoyin jini da kashi 25 cikin 100, ya kuma nuna cewa saukar da hawan jini yana da nasa babban amfanin. Da aka ci gaba da bin mutanen waɗannan bincike guda biyu har shekaru bayan haka, an ga cewa waɗanda suka gyara sukarinsu da wuri sun ci gaba da cin moriyar hakan. Ido da ƙoda da jijiyoyi aka auna a waɗannan bincike, amma irin hanyoyin jinin ne suke ciyar da fata.

Ga yawancin manya, burin shi ne gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100, hawan jini kuma ƙasa da 130 bisa 80. Likita yakan sassauta wannan ga tsofaffi da masu yawan faɗuwar sukari. Mai cutar sikila ya sanar da likitansa, domin wannan gwaji ba ya ba da sakamako na gaskiya a jininsa, kuma sikila ita ma tana haifar da gyambo a kusa da idon sawu.

Tambaya: Acca tana maganin sukari kamar yadda ake faɗa?

Amsa: Acca abinci ne mai kyau, kuma alheri ne cewa a Filato ake nomanta, amma hatsi ce, tana komawa sukari a jini kamar sauran hatsi. A ci daidai gwargwado tare da ganye da wake, ga kayan lambu nan a wadace a kasuwar Farin Gada. Ba ta maye gurbin ƙwayar maganin sukari ta metformin ko allurar insulin.

Tambaya: Wane mai ya kamata in shafa?

Amsa: Man da ke riƙe danshi, kamar basilin ko man kaɗanya mai tsafta, a shafa a diddige da tafin ƙafa da ƙwauri bayan wanka, amma ban da tsakanin yatsu, domin danshi a nan yana jawo cutar da ke sa fatar wurin ta yi fari ta tsage. Babu man da ke gyara hanyoyin jini. Ina jan hankalin mata musamman game da mayukan bilicin, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata, ya jinkirta warkewar rauni, ya kuma iya ɗaga sukari idan an daɗe ana shafa shi a jiki duka. Shafa shi a kan tabon ƙwauri domin ya washe ƙara raunana wurin ne. Lalle kuwa yana rufe launin tafin ƙafa da farce, don haka mai sukarin da ba ta jin ƙafarta sosai ta bar wuraren nan a buɗe domin a riƙa ganin canji.

Tambaya: Yaya ake duba ƙafa a asibiti, kuma me zan riƙa yi a gida?

Amsa: Aƙalla sau ɗaya a shekara, ku cire takalmi da safa a gaban likita ko da bai nema ba. Zai duba fata da tsakanin yatsu, ya taɓa bugun jini, sannan ya ɗauko wani siririn zaren roba, ya ce ku rufe ido, ya dangwala shi a ƙarƙashin babban yatsa da wasu wurare a tafin ƙafa har zaren ya lanƙwasa, ku kuma ku ce "na ji" duk lokacin da kuka ji. An ƙera zaren ya danna da nauyin giram 10, kuma wanda bai ji shi ba ƙafarsa ta rasa jin da ke kare ta daga rauni. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato suna ganin masu ciwon sukari, kuma ƙaramin asibitin unguwa zai iya tura ku can.

A gida, alwala dama ce da Musulmi yake da ita sau biyar a yini ta ganin ƙafarsa, sai dai a ƙara da tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsafta. Wanda ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya yi rauni ya sa madubi a ƙasa, ko ɗa ko jika ya duba masa kowane dare. A zazzage takalmi a shafa cikinsa da hannu kafin a sa, kada a taka tsakar gida ko harabar masallaci da rana babu takalmi ko safa, a yanke farce a miƙe ba tare da shiga kusurwa ba, kuma kada a ba masu yankan farce na yawo ƙafa, ko a fere kantar da ta fito a ƙafa da reza.

Tambaya: Wace alama ce ba ta jiran ranar da aka ba ni in koma asibiti?

Amsa: Duk wani miki ko bororo ko ƙuna a ƙafar mai sukari, komai ƙanƙantarsa kuma ko ba ya ciwo, a kai shi ga ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya. A tafi a ranar, ko da dare ne, idan ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ko miki ya fara wari ko fitar da mugunya, ko yatsa ya yi baƙi ko ya yi sanyi ƙalau, ko zazzaɓi ya zo tare da miki, ko sukari ya hau ya ƙi sauka ba tare da wani dalili ba. Kafin a isa, a wanke wurin da ruwa mai tsafta, a rufe da bandeji, a daina taka ƙafar gwargwadon iko, a kuma tafi da dukkan magungunan da ake sha da katin asibiti, a tuna wa likita batun allurar rigakafin tetanus idan ƙusa ko ƙarfe ne ya yi sukar.